Ebenezer: Tunawa da Taimakon Allah a Kwanakin Tsanani

Hausawa suna da karin magana biyu a kan duban baya, in ba a lura ba sai a ce suna musu da juna. Ɗaya ta ce waiwaye adon tafiya. Ɗayar kuma ta ce kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba. Duk wanda ya daɗe yana kiwon garken Allah ya ga gaskiyar kowaccensu. Akwai gwauruwar da in ta tuna yadda Allah ya ciyar da 'ya'yanta a shekarar yunwa, sai ta sami ƙarfin ɗaukar fartanya. Akwai kuma dattijon da ke zaune a sansanin 'yan gudun hijira, wanda in ya tuna rumbunansa da shanunsa sai abinci ya ƙi wuce masa maƙogwaro. Dukansu tunawa suke yi. Saboda haka bai isa mu tsaya gaban jama'a mu ce musu su tuna da baya ba. Dole mu san wace irin tunawa ce Littafi Mai Tsarki yake kiranmu gare ta, da abin da take alkawarta wa mai bi, da kuma abin da ba ta alkawarta ba.

Kalmar kanta

Kalmar Ibrananci da aka fassara mana da tunawa ita ce zakar. Daga gare ta aka sami sunan Zakariya, wato Ubangiji ya tuna, kuma tushenta ɗaya da kalmar Larabci da ta ba Hausa zikiri. A Tsohon Alkawari ba ta tsaya ga abu ya faɗo wa mutum a rai kawai ba, kusan kullum aiki yana biye da ita. Da Allah ya tuna da Nuhu, sai ya sa iska ta hura, ruwa ya soma janyewa (Farawa 8:1). Da ya tuna da alkawarinsa ga Ibrahim da Ishaku da Yakubu, abin da ya biyo baya shi ne kiran Musa (Fitowa 2:24). Da ya tuna da Hannatu, ta yi ciki (1 Sama'ila 1:19). Allah ba ya mantuwa balle a ce wani abu ya dawo masa. Tunawarsa ita ce ya tashi ya yi aiki bisa ga abin da ya riga ya faɗa. Haka nan in an umarci Isra'ila su tuna, ana nufin su ɗauko abin da Allah ya yi jiya, su bar shi ya mallaki abin da za su yi yau. Dauda ya yi haka a gaban Saul: ya kawo labarin zaki da beyar, sa'an nan ya sauka kwari ya fuskanci Goliyat.

Ebenezer biyu

Yawancinmu mun san Ebenezer daga 1 Sama'ila 7:12. Muna rubuta sunan a jikin majami'u da shaguna da motoci. Eben dutse ne, ezer kuwa taimako. Abin da ba mu cika yin wa'azi a kai ba shi ne, sunan ya riga ya bayyana a sura ta 4, a can kuwa sunan wurin da aka karkashe Isra'ila ne.

Bari mu bi labarin a hankali. Isra'ilawa sun kafa sansani a Ebenezer, Filistiyawa kuma a Afek. A karon farko aka kashe wajen mutum 4,000 na Isra'ila. Dattawa suka tambayi dalili, tambaya mai kyau, amma ba su jira amsa ba. Suka aika Shilo a kawo akwatin alkawari. Me ya sa? Domin sun tuna. Sun san akwatin nan ne ya shiga gaba lokacin da Urdun ya tsaya, shi ne kuma aka zaga Yariko da shi. Har Filistiyawa ma sun tuna, domin da suka ji sowar sansanin sai suka tsorata, suna ambaton annobar da ta sami Masarawa. Kowa a filin nan ya san tarihi. Duk da haka a ranar aka kashe sojan ƙasa 30,000, aka ƙwace akwatin, Hofni da Finehas suka mutu, Eli mai shekara 98 ya faɗo daga kujerarsa ya karya wuya, surukarsa kuma tana bakin mutuwa ta raɗa wa jaririnta suna Ikabod, domin daraja ta tashi daga Isra'ila.

Sun mai da abin tunawa laya. Sun ɗauka tun da Allah ya yi haka a dā, to, in an kawo kayan da aka yi amfani da su a wancan karo, tilas ya sāke yi. Ba wanda ya yi maganar zunubin gidan Eli, ba wanda ya yi addu'a.

Akwatin ya yi wata bakwai a ƙasar Filistiyawa, ya dawo ya zauna a Kiriyat-yeyarim, aka yi shekara 20. Sa'an nan Sama'ila ya kira jama'a su kawar da Ba'al da Ashtarot. Suka taru a Mizfa, suka ɗebo ruwa suka zuba a gaban Ubangiji, suka yi azumi, suka furta zunubinsu. Filistiyawa suka ji, suka taso. A wannan karo ba sowa, sai tsoro, kuma abin da jama'a suka roƙi Sama'ila shi ne kada ya daina yi musu kuka ga Ubangiji. Ba a ɗauko akwati ba. Ɗan rago mai shan mama aka miƙa. Ubangiji ya yi tsawa, Filistiyawa suka ruɗe, aka kore su har gangaren Bet-kar. A nan ne Sama'ila ya kafa dutse tsakanin Mizfa da Shen, ya ba shi sunan nan, yana shaida cewa taimakon Ubangiji ne ya kawo su inda suke.

Masana sun rabu a kan ko wurin nan shi ne na sura ta 4 ko wani ne dabam, domin Afek da Mizfa akwai tazara. Ko yaya dai, mai karatu ba zai ji sunan a karo na biyu bai tuna da na farko ba. A cikin jama'ar da ta tsaya gaban dutsen akwai marayun da iyayensu suka faɗi shekara 20 da suka wuce. Sama'ila bai nemi sabon suna da zai rufe musu wancan ciwo ba. Ya ɗauki sunan ranar baƙin ciki ya sa wa ranar ceto, wato har shekarun duhun nan suna cikin lissafin taimakon Allah. Kuma kalmar Ibrananci da ya yi amfani da ita tana nufin har zuwa nan, ko a wuri ko a lokaci. Magana ce ta matafiyin da ya ya da zango, bai kai gida ba tukuna. Filistiyawa sun dawo a zamanin Saul, a hannunsu ne kuma ya faɗi a Dutsen Gilbowa.

Lokacin da tunawa take ƙara ciwo

Zabura 77 ita ce ya kamata kowane mai hidima ya sani kamar tafin hannunsa kafin ya shiga gidan makoki. Asaf yana kwance da dare, hannunsa a miƙe, ransa ya ƙi ta'aziyya. A aya ta 3 ya tuna da Allah, abin da tunawar ta haifar kuwa nishi ne. Ya tuna kwanakin dā da waƙoƙin da yakan yi da dare, sai abin ya ƙara masa nauyi. Daga nan ya jero tambayoyi shida a ayoyi 7 zuwa 9, waɗanda in wani ɗan Ikkilisiya ya yi su a gabanmu, wataƙila mu ce ya ja da baya: ko Ubangiji ya yashe su ke nan har abada, ko ƙaunarsa ta ƙare, ko ya manta da yin alheri. Ruhu Mai Tsarki bai share tambayoyin nan daga littafin waƙoƙin jama'ar Allah ba.

Juyin ya zo ne daga aya ta 11. A rabin farko kusan kowace jimla a kan mai zaburar take, abin da ya ji da abin da ya rasa. A rabi na biyu maganar ta koma kan Allah da ayyukansa. Mu lura kuma da abin da ya tuna. Bai kawo wani abin da ya faru da shi kansa ba. Ya koma can bakin teku, inda ruwaye suka ga Allah suka razana, abin da ya auku ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi. Da rumbunsa ya ƙare, sai ya ɗiba daga rumbun jama'arsa. Wannan babban abu ne ga aikinmu. Akwai ranar da mutum ba zai iya tuna alheri ko ɗaya a rayuwarsa ba, in kuwa muka matsa masa ya ƙirga albarkunsa, laifi kawai za mu ɗora masa a kan baƙin ciki. A irin wannan rana Ikkilisiya ce take tuna masa. Doka ma ta koya wa manomin Isra'ila haka: in ya kawo nunan fari a kwando, yakan ba da labarin Masar kamar shi aka bautar, shi aka kuma fitar (Maimaitawar Shari'a 26:5-10).

Zaburar ta ƙare ba tare da an ce matsalar Asaf ta warware ba. Abin da ya samu shi ne, Allah ya bi ta tsakiyar teku amma ba a ga sawunsa ba, ya kuma bi da mutanensa kamar garke ta hannun Musa da Haruna. Wanda ya gane cewa a ceto mafi girma ma ba a ga sawun Allah ba, zai iya jure daren da shi ma bai ga sawun ba.

Makoki sura ta 3 ta bi wannan hanya. An rubuta littafin a kan kangon Urushalima bayan Babila ta rushe ta wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Surar tana da aya 66, uku uku ga kowane harafi cikin haruffa 22 na Ibrananci, kamar mai kuka yana tilasta wa baƙin cikinsa ya bi layi. A ayoyi 19 da 20 tunawa da wahala ta sa ransa ya sunkuya. Wannan tunawa da kanta take zuwa, ba a gayyatarta. A aya ta 21 kuwa shi ne ya tashi ya komo da wani abu cikin zuciyarsa da gangan, wato jinƙan Ubangiji da amincinsa, irin halin da Allah ya bayyana wa Musa a Fitowa 34:6. A waje ba abin da ya sāke. Haikali yana nan a ƙone. Bayan ayoyin nan da muke so ƙwarai, littafin ya ci gaba da kuka har sura biyu da rabi.

Albasar Masar

Akwai tunawar da ke yi wa mutum ƙarya. A jeji jama'a suka tuna kifin da suka ce suna ci kyauta a Masar, da kankana da albasa da tafarnuwa (Littafin Ƙidaya 11:5). Bulala da tubali da jariran da aka jefa a kogi duk sun ɓace daga lissafin. Wannan ita ce bara da ke hana jin daɗin bana, har manna ta zama abin ƙi. Haka kuma lokacin da aka sa harsashin Haikali na biyu, tsofaffin da suka ga na farko suka fashe da kuka, har ba a iya rarrabe kukan da sowar murna (Ezra 3:12-13). Hawayensu na gaskiya ne, ba mu ga laifinsu ba. Amma bayan wasu shekaru sai da Haggai ya fuskanci wannan kwatanci kai tsaye, domin yana kashe wa magina jiki. Duk faston da ya taɓa sāke gina majami'ar da aka ƙone, da jinka ko kwano tsoho a inda dā akwai ginin siminti, ya san wannan kuka.

Shi ya sa Ishaya 43 take da ban mamaki. A ayoyi 16 da 17 annabin ya tuna musu da hanyar da aka buɗe a teku, nan take a aya ta 18 ya ce su bar tunanin al'amuran dā, domin Allah zai yi sabon abu: a dā ya yi busasshiyar hanya cikin ruwa, yanzu zai yi koguna cikin hamada. Abin da za a riƙe daga jiya shi ne wanda ya yi aikin. Yadda zai yi gobe kuwa nasa ne. Macijin tagulla da Musa ya yi bisa ga umarnin Allah, da jama'a suka soma ƙona masa turare, sai da Hezekiya ya farfashe shi (2 Sarakuna 18:4). Wata ranar farkawa ta dā, ko wani fasto da ya rasu, ko wani dutsen addu'a, duk suna iya zama mana haka.

Waɗanda ba a kuɓutar ba

Nan ne wurin da ya fi wuya, kuma nan ne wa'azinmu ya fi yawan zamewa. Mukan ce Allah da ya yi jiya zai yi yau, mu rufe da cewa bayan wuya sai daɗi. Jama'a su ce amin. Amma a kan benci ɗaya akwai matar da mijinta ya dawo daga hannun masu garkuwa da mutane, da wadda aka sayar da gona aka biya kuɗin, nata kuwa bai dawo ba. In ta farkon ta tashi ba da shaida ana guɗa, me muke koya wa ta biyun game da Allah?

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba. A Ayyukan Manzanni 12, Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, a sura ɗaya kuma mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Ibraniyawa 11 ta jera waɗanda suka tsere wa kaifin takobi, a tsakiyar aya ta 35 ta juya ga waɗanda aka azabtar, aka jajjefe, aka kashe da takobi, ta kuma ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiya. Zabura 44 ta fara da labarin da kakanni suka bayar na nasarorin Allah, sa'an nan ta yi ƙara cewa yanzu an bashe su kamar tumakin yanka alhali ba su manta da alkawari ba. Zaburar nan ce Bulus ya ɗauko a Romawa 8:36, a tsakiyar maganarsa cewa ba abin da zai raba mu da ƙaunar Almasihu.

Ke nan taimakon jiya bai zama takardar lamuni cewa za a fitar da mu daga kowace wuta ba. Abin da yake tabbatarwa shi ne halin Allah: mai riƙon alkawari ne, yana ji, ba ya yashe nasa. Da Bulus ya tuna wahalar da ta same shi a Asiya har ya fid da zuciya ga rayuwa, darasin da ya ɗauka shi ne ya dogara ga Allah mai ta da matattu (2 Korintiyawa 1:8-10). Wannan suna na Allah ya isa ga Bitrus, ya kuma isa ga Yakubu. Don haka ne abin tunawar da Ubangiji ya bar wa Ikkilisiya ya zama gurasa da ƙoƙo. A teburin Jibin Ubangiji matan nan biyu suna da shaida iri ɗaya, ba wadda ta fi wata. Hujjar Romawa 8:32 ma a kan gicciye aka gina ta: wanda bai hana Ɗansa ba, ba zai yi rowar sauran ba. Ba muna cewa a hana ba da shaida ba ne. A bar mai murna ta yi murnarta. Amma mai jagorar sujada ya san yadda zai karɓi shaidar, ya ambaci waɗanda har yanzu suke jira da waɗanda suka yi rashi, ya kai kowa wurin gicciye kafin a zauna.

A gidan makoki kuwa, ranar farko ba ranar tunasarwa ba ce. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai ba su ce uffan ba, shi ne kuma mafi kyawun abin da suka yi. In lokaci ya yi, tambaya ta fi huɗuba amfani. A Markus 8:14-21, almajirai suna cikin jirgi da gurasa ɗaya tak suna damuwa. Yesu bai ba su labarin ba, ya sa su ne su faɗa da bakinsu: kwando nawa aka kwashe bayan ciyar da mutum 5,000, nawa kuma bayan 4,000? Suka ce goma sha biyu, suka ce bakwai. Tunawar da ke da ƙarfi tana da lamba da wuri da rana. “Mama, a shekarar da Baba ya yi jinya, wa ya noma muku gonar?” ta fi “Allah ya yi mana abubuwa da yawa” nisa.

Duwatsunmu

Mu ma muna da namu tarihin, kuma irin na Ebenezer ne, da kaburbura a cikinsa. A Disamba 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da nufin kawo bishara cikin ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a lokacin. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, daga baya kuma Bingham ya koma gida bayan zazzaɓi ya kusa kashe shi. Sai a 1902 aka kafa tasha ta farko a Patigi. Daga wannan aiki ne ECWA ta fito. A Maris 1923 aka yi sujada ta farko a gindin tsamiya a Garkida, mafarin EYN. A 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan wannan Ikkilisiya, a watan Oktoba kuma aka mamaye hedkwatarta da makarantarta ta Littafi Mai Tsarki a Kwarhi, shugabanni suka yi hijira zuwa Jos. Daga baya suka koma, a 2023 kuma Ikkilisiyar ta yi bikin cika shekara 100, alhali wasu daga cikin 'yan matan ba su dawo ba. Littafi Mai Tsarki da muke karantawa da Hausa, a 1932 aka fara buga shi cikakke. Ɗalibin da zai fita aiki bai san waɗannan ba, ya fita da rumbu rabi.

Sai dai tarihin da aka rubuta yawancinsa na Turawan mishan ne da manyan taruka. Mai bisharar da ya shiga ƙauyenku da ƙafa, da matar da ta fara buɗe zaurenta aka yi addu'a, da yadda jama'a suka rayu a farin 1973, waɗannan suna cikin kan tsofaffi ne kawai, tsofaffin kuwa suna tafiya. Joshuwa ya sa an ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar Urdun an kafa a Gilgal domin yara su gani su yi tambaya (Joshuwa 4). Duk da haka Littafin Mahukunta 2:10 ya ce bayan wannan tsara wata ta taso da ba ta san Ubangiji ko aikin da ya yi ba. Duwatsun suna nan, masu ba da amsa ne suka ƙare. A wurinmu hijira ta ƙara gaggauta abin, domin yaron da aka haifa a sansani bai taɓa ganin majami'ar da kakansa ya gina ba, littattafan rajistar baftisma da yawa kuma sun ƙone tare da gine-ginen.

Duk wanda aka tura sabuwar Ikkilisiya, a cikin watanninsa na farko ya nemi mutum biyu ko uku mafi tsufa, musamman a zumuntar mata, domin su ne suka fi riƙe irin wannan labari. Ya zauna da su a tabarma, ba a ofis ba. Wayar hannu ta isa ta ɗauki murya, littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa a kwafe, a kuma ajiye kwafi ɗaya a wani gari. A rubuta shekara da sunan ƙauyen, da abin da aka ci a waccan damina, da wanda ya kawo hatsin, da sunayen waɗanda ba su kai kaka ba.